Kare Dukiya ko Tarwatsa Taro: Zanga-zangar Agustan 2024 a Ma'aunin Doka

Ranar 1 ga Agusta, 2024, da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, ɓata-gari suka afka wa cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta NCC a Kano, wadda ko buɗe ta ba a yi ba, suka yi awon gaba da kujeru da kwamfutoci. A ranar Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta sa'a 24. Daga nan bakin jami'an tsaro ya zo ɗaya: dukiyar jama'a muke karewa.

Hujjar ba ta rasa tushe ba. Sashe na 43 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin mallakar kadara, sashe na 33(2) kuma ya halatta amfani da ƙarfi don kare dukiya ko kwantar da tarzoma, ko da zai kai ga rasa rai. Sai dai ya gindaya sharaɗi, wato gwargwadon abin da ya zama dole. Wannan sharaɗin ne ake tsallakewa. Kundin nan dai, a sashe na 40, ya ba ɗan ƙasa 'yancin taro, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, ta ce ba sai da izinin 'yan sanda ake gangami ba.

A ganina, kuskuren shi ne yi wa mai kwali da mai fasa shago kuɗin goro. Ana tsare kadara ne a bakin ƙofarta, ta hanyar girke jami'ai tun kafin taro ya iso, a kama wanda ya ɗauki kaya da hannunsa. Harbi cikin taro ba ya mayar wa kowa da buhun shinkafarsa. Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, 'yan sanda sun musanta, amma ko sisi musun bai biya wanda aka wawushe ba.

Mai dukiyar ma, da aka ce don shi ake yi, sau biyu ya yi asara. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da Allah Ya tsare shagonsa daga 'yan wawaso, dokar hana fita ta hana shi buɗewa, ɗan dako da mai shayi kuwa suka kwana ba ciniki. A Nuwamban 2024 kuma aka gurfanar da ƙananan yaran da aka kama kan zanga-zangar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Babbar tuhumar da aka yi musu ita ce cin amanar ƙasa, ba satar kayan kowa ba.