Paris–Brest–Paris: Tseren da Ƙwararru Suka Bar wa 'Yan Sha'awa

A watan Satumba na 1891, mahaya keke sama da 200 suka tashi daga birnin Paris suka nufi Brest, garin gaɓar teku da ke can ƙuryar yammacin Faransa, da sharaɗin su je su dawo. Tafiyar kilomita 1,200 ce. Ɗan jarida Pierre Giffard na jaridar Le Petit Journal ne ya shirya ta, yana so ya nuna cewa keke abin yin doguwar tafiya ne, a lokacin da mutane da yawa ke ganinsa abin wasan masu hannu da shuni. Charles Terront ne ya fara dawowa, bayan awa 71 da 'yan mintuna, a kan sabuwar tayar Michelin mai iska wadda ake iya cirewa a yi mata faci. Kusan rabin waɗanda suka tashi sun gama, wasunsu bayan kwanaki da yawa, suna kwana a masaukan kan hanya.

Saboda tsananin wuyarsa, sai bayan shekara goma aka sake yin tseren. Maurice Garin ya ci na 1901, shekara biyu kafin ya lashe Tour de France na farko. A 1931 ɗan Ostireliya Hubert Opperman ya zo na ɗaya, kuma a shekarar ce ƙungiyar Audax Club Parisien ta buɗe wa 'yan sha'awa nasu rukunin. Daga baya ƙwararru suka ga cinikin ba riba: shirin wannan tsere ɗaya yana cinye musu lokacin wasu da yawa masu kawo kuɗi. Na 1951, wanda Maurice Diot ya gama cikin ƙasa da awa 39, shi ne na ƙarshe da suka yi.

Janyewar ƙwararru ta zama alheri ga taron. Yanzu duk bayan shekara huɗu ake yinsa a watan Agusta, kuma a 2019 da 2023 mutum sama da 6,000 ne suka tashi daga Rambouillet, kusa da Paris: malaman makaranta, likitoci, injiniyoyi, tsofaffin da suka yi ritaya, mata da maza daga Indiya, Japan, Brazil, Amurka da sauran ƙasashe. Ba a shiga haka kawai. Sai mutum ya gama tafiyar gwaji ta kilomita 200 da 300 da 400 da 600 a cikin shekarar, kowacce a kan lokacinta. Mafi yawansu suna zaɓar wa'adin awa 90, kuma agogo ba ya tsayawa don wani ya ci abinci, ko ya yi barci, ko ya tsuguna yana faci cikin duhu.

Kowane mahayi yana riƙe da ɗan kati da ake buga wa hatimi a tashoshin bincike, irin su Villaines-la-Juhel da Fougères da Loudéac da Carhaix. Wanda ya iso bayan an rufe tasha, lissafinsa ya ɓaci. Shi ya sa barci ya zama abin da ake awo: awa biyu a kan gadon tafi-da-gidanka a zauren wasanni na makaranta, ko minti ashirin a gefen titi, mutum ya naɗe cikin siririn bargo mai ƙyalli, kansa a kan hular kwano. A dare na uku wasu sukan fara ganin abin da babu shi a kan kwalta. Yatsu su mutu, mazaunai su ɗaye, wasu kuma wuyansu ya saki har su kasa ɗaga kai su ga gabansu. A 2007 an sha ruwan sama da iska kusan dukan tafiyar, mahaya da yawa suka haƙura a hanya.

Duk da haka, idan waɗanda suka gama suna ba da labari, mutanen ƙauyuka suka fi ambato. A yankin Bretagne iyalai kan fito da tebur ƙofar gida da tsakar dare, da kofi da ruwa da biskit, yara suna miƙa hannu a tafa, manya suna kiran "bon courage", wato a ƙara ƙoƙari. A ƙauyen La Tannière an daɗe ana ba mahaya wainar fulawa kyauta, abin da ake roƙo kawai shi ne in sun koma gida su aiko da katin gaisuwa. Wannan karamci ya fi kowace lambar yabo riƙe taron, domin mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba yana bukatar wanda zai ce masa sannu.

Tsarin taron ma ya bi wannan hali. Masu shirya shi sun nace cewa yanzu ba tsere ba ne. A 2015 Bajamushe Björn Lenhard ya gama cikin awa 42 da minti 26, amma lambar da ya karɓa iri ɗaya ce da ta wanda ya shigo saura 'yan mintuna awa 90 ta cika, kuma sunayensu duka suna shiga kundi ɗaya da ya faro daga Terront. Zagaye na gaba zai kasance a 2027, kuma masu niyya tuni sun fara tara kilomita.