Kogin Galma da Kifinsa a Tarihin Birnin Zazzau

Masu nazarin tarihin Zazzau sun fi mayar da hankali ga ganuwa da ƙofofi da jerin sarakuna. Ba kasafai ake waiwayar ruwan da ya raya birnin ba, alhali kuwa ba don shi ba da mutanen Turunku da Kufena ba su zaɓi wannan wuri ba. Rafin Kamaca ya ratsa cikin birni, Saye na kudu, Kubanni kuma ya raba Tudun Wada da Sabon Gari kafin ya faɗa Galma. Shi kuwa Galma, wanda shi ne babbansu, yana kwarara ta gabas har ya haɗu da kogin Kaduna.

Kifin waɗannan koguna ba a wuri ɗaya yake rayuwa ba. Da rani yakan taru a gurabu masu zurfi. Da zarar damina ta kankama, kogi ya cika ya malala cikin fadama, sai tarwaɗa da ire-irenta su hauro su bi ƙananan rafuka, su zuba ƙwai a cikin ciyawar da ruwa ya shanye. A nan 'ya'yan ke samun abinci da mafaka har su yi ƙwari, sa'annan su koma kogi idan ruwa ya fara ja. Ke nan kifi yana bukatar abu uku: gurbin rani, da fadamar damina, da kuma hanyar da ta haɗa su.

Magabatanmu sun fahimci haka ba tare da sun shiga aji ba. A ƙasar Hausa ruwa yana da shugaba, wato Sarkin Ruwa, wanda masunta ke ƙarƙashinsa. Akan hana taɓa wasu gurabu sai ranar da aka sa, a yi shela, jama'a su fito su da homa da gora. Wannan tsari ne ya wanzu a Matan Fada ta Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. Ina yaro na sha bin kawuna zuwa Galma. Idan ya janyo taru yakan tsince ƙananan karfasa ya mayar ruwa, yana cewa na baɗi ne.

Sauyi ya fara ne bayan zuwan Turawa a 1902. Jirgin ƙasa ya iso, aka kafa Sabon Gari, jama'a ta ƙaru a bakin Kubanni. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Cikin shekarun 1970 aka datse Kubanni domin jami'ar, aka kuma datse Galma domin ruwan shan gari. Daga baya aka gina wata babbar madatsa a Kuzuntu, ƙaramar hukumar Kubau. Babu mai musun amfanin waɗannan ayyuka, domin Zariya ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwa. Sai dai madatsa takan tare wa kifi hanya, ta kuma rage malalar da ke jiƙa fadama.

Ɓarnar da ta fi muni ita ce ta guba. Tun da can ana sanya magimfa a ruwa, amma ƙarfinta kaɗan ne. Maganin ƙwari na gamalin kuwa ba ya barin babba ba ya barin yaro. A shekarun 1980, ina bakin aiki, na taɓa tarar da wani gurbi ya yi fari fat da gawar kifi, yara na kwasa a kwanduna zuwa kasuwa. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta wannan, amma doka ba ta tsare kogi sai da mai gadi. Ga kuma shara da leda da ruwan kwata da suka mayar da Kamaca da Kubanni juji.

Ba mu kaɗai wannan ya taɓa samu ba. A ƙasashen Turai da Amurka akwai kifin da ake kira samon, wanda ke girma a teku ya dawo rafin da aka ƙyanƙyashe shi ya yi ƙwai. Ƙazanta da shingaye suka kawar da shi daga kogin Tems na Ingila a ƙarni na 19. A Amurka kuwa, tsakanin 2011 da 2014, an rushe madatsu biyu a kogin Elwa na jihar Washinton, kifin ya sake haurawa inda ya yi kusan shekara ɗari bai kai ba.

Mu ba mu da halin rushe madatsunmu. Abin da za mu iya shi ne a riƙa sakin ruwa daidai lokacin ƙwai, a hana gini a fadama, a kuma mayar wa sarakunan ruwa ikonsu na rufe gurabu, tare da goyon bayan masarauta da ƙananan hukumomi. Dattawan da suka san sunan kowane gurbi a Galma suna ƙarewa. Ya kamata a rubuta abin da suka sani tun suna raye. Allah Ya sa mu dace, amin.