Zaɓen Tarakta Domin Noman Fadama a Gusau, Tsafe da Bungudu

Gabatarwa

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, noma ne babbar sana'ar al'ummarmu. A ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu muna da gonakin jigawa inda ake noman gero da dawa da masara da auduga, muna kuma da fadamu, musamman a gaɓar Gulbin Sakkwato wanda ya ratsa Gusau ya bi ta ƙasar Bungudu, inda ake noman shinkafa da rake da kayan lambu. Manomi ko ƙungiyar da gonarsu ta ƙaru sukan so su bar ƙaramar tarakta su sayi wadda ta fi ta. Wannan bayani muna yin sa ne domin a yi zaɓen da zai sauƙaƙa aiki ba tare da an kashe fadama ba.

Yadda nauyi yake ɓata fadama

Ƙasa mai kyau tana da ƙananan ƙofofi da iska da ruwa da saiwa suke bi. Ƙasar fadama laka ce, idan ta jiƙe kuma aka ɗora mata nauyi, waɗannan ƙofofi sai su toshe. Daga nan ruwa ya riƙa kwanciya a sawun taya, saiwa ta kasa nutsawa, shuka ta yi rawaya ko da an zuba taki. Idan ƙasar ta bushe kuwa, sai ta koma manyan hoge masu wuyar farfasawa.

Ɓarnar iri biyu ce. Ta saman ƙasa tana zuwa ne daga siririyar taya mai iska da yawa, kuma huɗa takan gyara ta. Ta can ƙasa kuwa, wadda take ƙarƙashin inda garma ke kaiwa, nauyin motar ne gaba ɗaya yake haddasa ta, tana kuma iya ɗaukar shekaru ba ta warware ba. Har ila yau, wucewar farko ita ce take yin mafi yawan dannewar. Saboda haka shiga ɗaya a ranar da ba ta dace ba ya isa ya jawo asara.

Girman da ya dace

Muna shawartar mai saye ya fara duba abu biyu: wuri mafi laushi a gonarsa, da kuma kayan aiki mafi nauyi da yake son ja. Ga yadda rukunan suke bisa kimantawa:

1. Injin huɗa mai ƙafa biyu da ake bi a baya, mai ƙarfin doki 12 zuwa 15. Nauyinsa bai kai rabin tan ba. Shi ya fi dacewa da ƙananan fangalan shinkafa.

2. Ƙaramar tarakta mai doki 25 zuwa 35, nauyinta tan 1 zuwa tan 1 da rabi. Tana aikin lambu, amma takan gaza a busasshiyar laka.

3. Matsakaiciya mai doki 40 zuwa 50, nauyinta kimanin tan 2. Takan ja garma mai faifai biyu, ko uku idan ƙasa ba ta yi tauri ba. Ita ce ta fi dacewa da wanda yake da jigawa da fadama a lokaci guda.

4. Babba, irin Massey Ferguson 375 mai doki 75 da muka saba gani a ƙauyukanmu. Nauyinta ya haura tan 2 da rabi kafin a ɗaura mata garma. Ta dace da faffaɗar jigawa, amma kada ta shiga fadama sai ƙasa ta tsane sosai.

Abubuwan dubawa kafin a biya kuɗi

Na farko, a zaɓi wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja. Irin wannan ba ta yawan sulɓi, kuma sulɓin taya yana dama laka ya shafe ƙofofinta. Tarakta mai doki 45 da ke ja da ƙafa huɗu takan fi mai doki 60 da ke ja da ƙafa biyu amfani a wuri mai danshi.

Na biyu, a nemi taya mai faɗi da tsawo, domin tana rarraba nauyi a kan ƙasa. A gona a rage iska zuwa mafi ƙarancin abin da littafin kamfani ya yarda, wanda ga tayoyin baya yakan kama daga 12 zuwa 16 a ma'aunin masu faci. Idan za a hau kwalta da kaya, sai a ƙara.

Na uku, a tabbata ƙarafan ƙara nauyi masu ciruwa ne. Su da ruwan da ake ɗurawa a taya suna da amfani a busasshiyar ƙasa, amma a fadama kaya ne kawai. Ga masu dama taɓon shinkafa, a tambayi ƙafafun ƙarfe masu kama da keji.

Na huɗu, a tabbata akwai kayan gyara da makaniken da ya san ta a Gusau ko Funtuwa. Motar da za ta kwana mako uku tana jiran kaya a farkon damina ta ci kuɗin banza.

Lokacin shiga gona

Ko an dace da tarakta, sai an dace da rana. Kafin a shiga, a haƙa zurfin da garma za ta kai, a ɗebo ƙasa a murza a tafin hannu. Idan ta miƙe kamar igiya ba ta karye ba, a dakata. Idan ta marmashe, an iya shiga. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a yankinmu, bai kamata tarakta ta taka fadama ba. Gara a huɗe ta da farkon damina, ko bayan ruwa ya janye domin noman rani. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Bugu da ƙari, tirela cike da rake ko buhunan shinkafa takan fi taraktar kanta nauyi. A tsayar da ita a bakin gona, ko a ware mata hanya ɗaya da za ta riƙa bi kullum. Idan tarakta ta kafe, direba ya daina taka mai, ya gwada fita da baya. In za a ja ta ko ita za ta ja wata, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa kawai, domin ɗaurawa sama da shi yana iya kifar da mota a kan direba.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga jami'an sassan aikin gona na ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da shugabannin ƙungiyoyin manoma su tsara layin haya bisa yanayin ƙasa: jigawa washegarin ruwa, fadama sai ta tsane. Direban da ake biya bisa yawan ekar da ya huɗa yakan yi gaggawa, don haka mai gona ya tsaya a kan gonarsa ya duba da kansa. Wanda yake da shakka ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa kafin ya saya.

Fadama gado ce da muka tarar, wajibi ne mu bar wa 'ya'yanmu ita tana bayar da amfani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.