Karayar kwatangwalo ga tsofaffi: abin da ke biyo baya idan ba a yi aikin fiɗa ba

Karayar kwatangwalo ita ce karyewar saman ƙashin cinya, dab da inda ya haɗu da ƙugu. Ta fi samun tsofaffi, musamman mata da suka daina al'ada, domin ƙashinsu ya yi rauni. Sau da yawa ɗan santsi a makewayi ko tuntuɓe a bakin ƙofa ya isa. Alamunta su ne zafi mai tsanani a matsematsi, kasa tsayuwa, sannan ƙafar ta gajarce ta juya waje. Hoton radiyo ne ke tabbatar da ita.

Maganin da likitoci suka fi amincewa da shi shi ne aikin fiɗa: ko a ɗaure ƙashin da ƙarfe, ko a sauya kansa da na roba ko na ƙarfe. A Ingila ƙa'ida ita ce a yi aikin ranar da aka kwantar da majinyaci ko washegari. Manufar ita ce a rage zafi, kuma tsoho ya tashi daga shimfiɗa da wuri.

Kwanciyar ce babban haɗari. Tsohon da ya shafe makonni kwance yana iya kamuwa da ciwon huhu, gyambo a gadon baya da ɗuwawu, ciwon mafitsara, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda kan tafi huhu ya yi kisa. Ga shi kuma jini kaɗan ne ke isa wuyan ƙashin cinya, shi ya sa idan ya goce da wuya ya haɗe da kansa. Karan ɗori da ke riƙe hannu ko ƙwauri ba ya iya riƙe wannan gaɓa, saboda tana can cikin tsoka.

Amma akwai tsofaffin da jikinsu ba zai ɗauki aiki ba. Wani bincike da aka yi a asibitoci 25 na ƙasar Holand, aka wallafa a 2022, ya bi majinyata 172 masu rauni ƙwarai da ke zaune a gidajen kula da tsofaffi. Bayan shawara da likitoci da iyalai, 88 sun zaɓi kada a yi musu aiki, 84 aka yi musu. Cikin kwana 30, kashi 83 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa aiki ba sun rasu, alhali kashi 25 ne a ɗaya ɓangaren. Bayan wata shida, adadin ya kai kashi 94 da kashi 48. Duk da haka, binciken bai ga cewa jin daɗin rayuwarsu a kwanakin da suka rage ya gaza na waɗanda aka yi wa aiki ba, kuma matsalolin jinya sun fi ƙaranci gare su.

Ke nan barin aiki ba hanyar warkewa ba ce. Zaɓi ne na sauƙaƙa wa wanda dama ya kusa cikawa, kamar mai gigin tsufa mai tsanani ko wanda ya daɗe ba ya tafiya. Shi ma yana buƙatar kulawa: maganin zafi mai ƙarfi irin su morfin, allurar kashe jijiyar cinya, juya shi duk bayan awa biyu, tsafta, da ruwan sha.

Tsohon da yake zuwa masallaci ko kasuwa da ƙafarsa kafin ya faɗi, lissafinsa daban ne: shekaru kaɗai ba sa hana aiki. Manyan asibitocin Yamai, Damagaram da Maraɗi suna da likitocin ƙashi, kuma kowace rana da aka ɓata a gida tana rage masa damar sake tsayuwa.