Bindigar Kurmi: Abin da Maharban Ƙasar Katagum Suka Riƙa

A watan Janairun 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya sauka a birnin Katagum, kwanaki kaɗan kafin abokin tafiyarsa, Likita Oudney, ya rasu a Murmur. Sarki Ɗan Kauwa ne ke kan gado. Clapperton ya rubuta cewa an nemi ya gwada bindigarsa, ya auna wata alama daga nisan yadi 60 zuwa 70, ya harba sau biyu kuma duka ya samu. Sarki ya yi ta'awizi, sannan ya yafa masa riga.

To, yadi 70 ɗin nan da ya ba fada mamaki, a wurin maharbin ƙasar nan nisa ne da ba ya ma bukata. Dalili kuwa shi ne irin dajin da yake shiga. Gefen kogin Jama'are da fadamun da ke kewaye da Gadau a da kurmi ne mai duhu, sarƙaƙiya ta haɗe da itatuwa, mutum ba ya ganin abin da ke gabansa taku 20. A nan gada da mazo da gadu suke fakewa, kwanta-rafi na cikin ciyawar bakin ruwa, barewa da gwanki kuma sai an fita sarari. Dabbar nan mai ƙaho kamar reshen itace da Turawa ke farauta a ƙasashensu babu ita a dajinmu, danginta a Afirka sai can arewa, wajen Tunisiya da Aljeriya. Namu su gada ne, kuma su ne suka yanke wa maharbi irin makamin da zai riƙa.

Kafin bindiga, kwari da baka ne. Kibiyar maharbin Hausa ƙarama ce, ba ta da gashi a gindi, ƙarfinta duk yana cikin dafin da ake haɗawa da 'ya'yan kwankwani. Ba a bukatar ta shiga da zurfi, ta dai ji jini. Aikin duka yana wurin matsowa kusa, shi ya sa maharbi ke ɗaura kan burtu a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har ya zo dab da nama. Wanda ya iya wannan, me zai yi da bindigar da ke kai yadi 300? Har yau shugaban maharba Sarkin Baka muke ce masa, ko da kuwa rabon da ya ja tsarkiya an yi shekaru.

Bindigar da ta fara shiga hannun talaka ita ce wadda ake ɗurawa ta baki: a zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa. Turawa na kiranta da sunan mutanen Denmak, don suna cikin masu sayar da ita a gaɓar tekun Gana. Mu kuwa muka raɗa mata harba-ka-ruga, kuma sunan bai yi ƙarya ba, in ka harba ka kuskure gadu, kafin ka sake ɗuri ya iso ka. A zamanin sarakuna ba kowa ke da ita ba, kayan fada ce, sai can ƙarshen ƙarni, musamman bayan Rabe ya ci Borno a 1893 da ƙarfin bindiga, ta yawaita a gabashin ƙasar Hausa.

Abin da ya sa ta daɗe a hannunmu ba son gargajiya kaɗai ba ne, doka ce. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasel, suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani masu ɗuri ta gindi, aka bar musu ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. Da Turawa suka karɓi ƙasar Katagum a 1903 sai suka ci gaba a kan haka. Raifil, wato bindiga mai murɗaɗɗen zane a cikin bututu wadda ke juya harsashi ya tafi a miƙe, ta zama ta joji da soja. Maƙeranmu suka ɗauki ta ɗurin baki suka riƙa ƙera ta da kansu, da bututun da hannu ya kai gare shi. Nan ne haɗarin yake, domin bututun da ba a yi shi don wuta ba yakan fashe in ɗuri ya yi yawa, kuma kusan duk garin maharba akwai labarin wanda ya bar yatsu a daji ta wannan hanya.

Akwai wani ɓangare na tarihin Gadau da yawancinmu muke wucewa ta gefensa. A shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sansanin binciken ƙudan tsando a Sharifuri, kusa da Azare, ƙarƙashin Llewellyn Lloyd da Likita W. B. Johnson, daga baya aikin ya koma Gadau, inda T. A. M. Nash ya zauna a shekarun 1930 kafin ya tafi aikin Anchau. Abin da ya kawo su shi ne ciwon barci da sammore, abin da ya riƙe su a nan kuwa shi ne kurmin. Tsando jinin namun daji yake sha, musamman gadu, saboda haka a Sharifuri har shinge suka yi wa wani yanki na kurmi, suka kori namun ciki don su ga ko ƙudan zai ragu. Ka ga ke nan naman da maharbi ke bi shi ne ke ciyar da ƙudan da ke hana Bafillatani shiga fadama da shanunsa. Muddin tsando na nan kurmi na nan, nama na nan. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka shiga feshin magani a bakin kogunan arewa maso gabas, tsando ya kau, shanu da gatari da garma suka shiga. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa saura. A ganinmu wannan ya fi duk bindigogin maharba cinye naman ƙasar nan, ko da yake su ma fitilar goshi da harbin dare ba su bar na baya ba.

Mai hali a cikin maharba, tun wajen samun 'yancin kai, burinsa mai baki biyu ne, lamba 12. Lambar nan ba ƙarfi take nufi ba, faɗin baki ne: in aka mulmula dalma daidai bakin bindigar, guda 12 ne za su yi laba ɗaya. Harsashinta ƙwayoyi ne da yawa masu watsuwa, manya don mazo, matsakaita don gada, ƙanana don zabi da fakara. Ba ta wuce mita 30 zuwa 40 da kisa mai tsabta, amma a kurmi wa ke ganin abin da ya fi haka? Kuma tana da harbi na biyu nan take. Gada ba ta cika wuce kilo 20 ba, babban mazo kan ninka ta sau uku ko fiye, gwanki kuwa yana haura kilo 200. Wanda ya harbi gwanki da ƙwayoyin zabi bai yi farauta ba, ya dai aika dabba ta mutu a inda ba wanda zai yanka ta.

Maharban Amurka ma da suke shiga daji mai duhu a kan wannan hukunci suka tsaya: gajeriyar bindiga mara nauyi mai saurin ɗagawa, irin Winchester ta 1894 da harsashinta .30-30. Suna da wata magana wai harsashi mai nauyi yana keta rassa ya wuce bai kauce ba, amma gwaji ya nuna kowane iri ne in ya taɓa reshe yana iya baudewa. Tsofaffinmu ba su taɓa dogara da wannan ba. Ƙa'idarsu ita ce ba a harbin motsin ganye, sai an ga dabba ido da ido, don mai yankan ciyawa da yaro mai kiwo su ma suna motsa ganye.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa, a cikinsu har da raifil mai harsashin .303 da 7.62, wato dai irin waɗanda maharban wasu ƙasashe suka fi so. Na biyu, irin su mai baki biyu, sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta ɗurin baki kuwa tana ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sandan jiha. Saboda haka zancen "wace lamba ta fi" a wurinmu doka ta riga ta rage shi. Ga kuma Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963, ga Yankari da aka keɓe tun 1956, inda shiga da bindiga laifi ne.

Matasanmu da ke ɗaukar bindigar kaka su bi ayarin farauta zuwa kudu, ko su shiga aikin sintiri, sun gaji makamin amma ƙasar da za su ratsa da shi ta sauya. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano bikin Sallah, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Tun daga lokacin shugabannin maharba a wurare da dama suka ƙara matsa wa mutanensu su riƙa tafiya da lasisi da katin ƙungiya, su kuma sanar da hukumar garin da za su sauka kafin su shiga daji.