Tarihin Isaac Fadoyebo, sojan Najeriya da ya tsira a yaƙin Burma

Isaac Fadoyebo na ɗaya daga cikin dubban 'yan Najeriya da Birtaniya ta kai ƙasar Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, domin yaƙar sojojin Japan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Da yawa daga cikin waɗannan dakaru 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen da aka fi amfani da shi a rundunar.  Sai dai ƙalilan ne daga cikinsu suka rubuta abin da ya same su, shi ya sa labarin Fadoyebo ke da muhimmanci.

An haife shi a shekarar 1925 a ƙauyen Emure-Ile da ke kusa da Owo, a jihar Ondo ta yanzu. Ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 16, aka kuma sa shi a sashen kula da majiyyata na Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma.

Harin kogin Kaladan

A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka yi wa ayarinsu kwanton-ɓauna a bakin kogin Kaladan, a yankin Arakan, wato Rakhine a yau. An kashe da dama daga cikin abokan aikinsa, shi kuma harsashi ya ragargaza masa ƙashin ƙafar dama, aka bar shi kwance a daji.

Musulmin ƙauyukan yankin ne suka riƙa kai masa abinci da ruwa, shi da wani soja ɗan Saliyo, David Kargbo. Daga bisani wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su a gidansa, duk da cewa hakan na iya jawo masa kisa idan Japanawa suka gano. Sai a watan Disamba na 1944 dakarun ƙawance suka ceto su.

Bayan yaƙi

Fadoyebo ya koma gida a 1945, bayan danginsa sun fid da rai da shi. Raunin ya bar shi da ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Ya zauna a Legas, ya yi aikin gwamnati a ma'aikatar ƙwadago, aka kuma buga littafin tarihinsa a 1999.

A 2011 ɗan jaridar Birtaniya Barnaby Phillips ya je Rakhine, ya gano 'ya'yan Shuyiman, wanda ya riga ya rasu, ya miƙa musu wasiƙar godiya daga Fadoyebo.

Fadoyebo ya mutu a watan Nuwamba na 2012. Shekara biyar bayan haka, Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere daga Rakhine zuwa Bangladesh sakamakon farmakin sojojin Myanmar.