Zaren fim da yatsan Calhoun

Ranar da aka yi mini 'yar walimar ajiye aiki, ɗan wani aminina ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. A nan Lincoln ta Nebraska aka haife shi, kuma yanzu shi ma ya shiga harkar tantance wasanni da kwamfuta. Ya ce, "Kawu, tsakani da Allah, me ya hana Osborne, mai horar da Nebraska, karɓar canjaras da Miami a 1984? Na saka lissafin a na'ura. Kofi yana hannunsa ya zubar." Na dube shi, na dubi ɗan allon da yake ta shafawa da yatsa, sai na ji amsar ta fi ƙarfin wurin cin kek. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Karatun noma ya kawo ni Nebraska a 1977. Kuɗin makaranta ya yi wuya, na shiga neman aikin dare, Allah ya haɗa ni da wani ɗan shago da ke wanke finafinan wasannin ƙwallon Amurka. Mai shagon dattijo ne mara son magana, yatsunsa duk sun yi ɗorawa saboda ruwan wanki. Maigida nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Shi ya koya mini sana'ar da na ci abinci da ita fiye da shekara arba'in, digirin noman kuwa yana cikin akwati.

Yaran yanzu sun ɗauka wasa yana ƙarewa ne idan alƙali ya busa usur. Namu aikin a lokacin yake farawa. Fim mai faɗin milimita 16 ake ɗauka da shi, naɗi ɗaya mai ƙafa 400 ba ya wuce minti 11, don haka mai ɗauka sai ya iya kashe kyamara da kunna ta tsakanin wasa da wasa, ba ya ɓarnar ko taƙi. Da magariba za a shigo mana da gwangwanayen. Mu wanke, mu busar, sannan a zauna yanka. Na hari gefe guda, na tsaro gefe guda, na bugu daban. Kowane yanki a rataye shi a ƙusa jikin bango, har ɗakin ya koma kamar rumfar mai kilishi. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya ana kankare baki da reza, a shafa gam, a danne. Kafin masu horarwa su zauna ranar Lahadi dole komai ya hau majigi, kuma a sa kwafi a bas zuwa ga abokan karawa na gaba, su ma su aiko nasu. Idan haɗinka ya tsinke a gaban masu horarwa, har ƙarshen kaka ana tuna maka.

Maigida ya hana ni kallon ƙwallo. Ya ce ƙwallo ta 'yan kallo ce, ni in dubi ƙafafun ƙartin gaba. Hoto 40 ne a kowace ƙafa ɗaya ta fim, kuma idan ka ɗaga zaren a gaban fitila kana ja da hannu, za ka ga wanda ya riga ɗaga diddige da wanda ya makara da hoto biyu. Bayan kaka uku ina gane inda za a bi tun madugu bai karɓi ƙwallo ba.

Da tsohon naɗin wasan Oklahoma na 1971 ya gwada ni. Ban zo ƙasar ba lokacin, amma na kalli wasan nan na 25 ga Nuwamba a Norman har ban san adadi ba: Nebraska ta ci 35 da 31, Jeff Kinney ya shiga gida sau huɗu, Johnny Rodgers ya karɓi bugu ya yi gudun yadi 72. Mutanen Oklahoma har gobe suna rantsuwa an ture musu mutum ta baya a wannan gudun, alƙali ya kau da kai. Na ja wurin gaba da baya a gaban fitila ya fi sau ɗari. Ina da ra'ayina, amma a Lincoln nake kwana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasan da kansa ya mutu. Duk ƙarshen Nuwamba Nebraska da Oklahoma ne, kowa ya sani. Aka rushe gasar Big Eight a 1996, haɗuwar ta daina zama ta kowace shekara, a 2011 kuma Nebraska ta koma gasar Big Ten. Kuɗin talabijin ya raba abin da ya fi shekara saba'in ana yi.

To, 1984. Ƙungiyar Nebraska ta kakar 1983 ba a taɓa ganin irinta wajen cin maki ba. Minnesota ta sha 84 a hannunsu. Turner Gill ne madugu, ga Mike Rozier da ya ɗauki kyautar Heisman a shekarar, ga Irving Fryar. Daren 2 ga Janairu a Orange Bowl, a gidan Miami, kafin a farga an zura mana 17 babu ko ɗaya. Abin da ya dawo da mu cikin wasa shi ne dabarar nan ta fumblerooski: Gill ya bar ƙwallo a ƙasa da gangan, kowa ya bi shi dama, ƙato Dean Steinkuhler ya sunkuya ya ɗauka ya bi hagu, yadi 19. Masu ɗaukar talabijin ma sun bi Gill. Daga baya an haramta dabarar, kuma ban yafe ba.

Rozier ya ji ciwo a idon sawu, Jeff Smith ya shigo. Ana 31 da 17 ya shiga gida sau ɗaya, sannan saura daƙiƙa 48, a yunƙuri na huɗu ana neman yadi 8, Gill ya miƙa masa a gefe ya yi yadi 24 har gida. 31 da 30. Lokacin babu ƙarin lokaci, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka kawo shi. Texas da ke biye da mu a matsayi ta riga ta faɗi a hannun Georgia da rana. Bugun maki ɗaya, canjaras, kusan tabbas masu ƙuri'a su ba mu kambu. Duk abin da yaron ya faɗa mini daidai ne, na'urarsa ba ta yi ƙarya ba.

Osborne ya nemi maki biyu. Gill ya mirgina dama ya jefa wa Smith, Ken Calhoun na Miami ya miƙa hannu. Da fim ɗin ya iso, ni na ja shi a gaban fitila. A talabijin abin ƙiftawar ido ne. A zare kuwa hotuna ne ƙalilan: ƙwallo tana tafe daidai, yatsu sun shigo daga gefe, a hoto na gaba hancinta ya karkace. Maigida ya karɓa ya duba, ya daɗe, ya miƙo mini ya ce in haɗa da kyau, za a kalle shi da yawa. A shagon babu wanda ya ce da an buga ɗaya. A garin ma ban ji ba sai daga bakin baƙi. Ƙungiyar da ta ci wasa 12 a jere ba ta je Miami roƙon ƙuri'a ba, kuma manoman da suke cika filinmu Memorial Stadium tun Nuwamban 1962 ba tare da tikiti ya yi kwantai ba sun gane haka tun kafin ƙwallon ta faɗi ƙasa.

An biya kuɗin wannan shawara. Shekara 11 aka jira, a ciki har da faɗuwa bakwai a jere a wasannin ƙarshen kaka, na ƙarshensu 18 da 16 a hannun Florida State. Sai 1 ga Janairun 1995 aka doke Miami 24 da 17 a wannan filin dai, Cory Schlesinger ya ratsa tsakiya sau biyu a zangon ƙarshe. Shekara ta zagayo aka yi wa Florida 62 da 24, Tommie Frazier yana tafe mutane na zubewa daga jikinsa har yadi 75. Wannan gudun a kaset na gan shi. Bidiyo ya riga ya kashe mana kasuwa tun ƙarshen shekarun 1980, shago ya rufe, ni na koma ɗaukar bidiyo, Maigida kuma ya ƙi koyo. Kaset idan ka tsayar da shi hoton rawa yake yi, ba ka ganin diddigen kowa.

Abin da ya rage mini daga shagon gwangwani ɗaya ne na guntayen da ake zubarwa, da ƙaramin abin haɗin Maigida. Na kira yaron gida ranar Asabar, na ciro wani guntu na wasan makarantar sakandare, na ce ya ɗaga a taga ya gaya mini ta ina za a bi. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya riƙe shi ta tsakiya da yatsu masu maiƙon suya. Na ce, "Ta gefe ake kamawa, ɗana." Ya gyara riƙo, ya matso da shi kusa da ido, ya ce, "Kawu, ina ƙwallon take?"